Magurji: ƙarfen da jikoki suka kasa ganewa

A tsofaffin unguwannin birnin Katsina, irin su Masanawa da Gambarawa da Albaba da Gafai, gidajen ƙasa suna ta ruguzawa, na bulo suna tashi a gurbinsu. Idan aka zo rabon gado, ko aka shiga kwashe ɗakin wata dattijuwa da ta kwanta dama, akan ci karo da kayan da babu wanda ya san sunansu cikin masu kwashewar. Ɗaya daga cikinsu wani ɗan ƙarfe ne miƙaƙƙe, tsawonsa bai cika kai kamu ɗaya ba, kaurinsa kamar na yatsa. Tsakiyarsa ta fi kauri, bakunansa biyu sun tsuke. Ba shi da kaifi, ba shi da tsini, ba shi da ƙota, ba shi ma da ramin da za a ce ƙota ta taɓa shiga.

Masu kallo sukan yi ta cinta. Wani ya ce sakatar tsohuwar ƙofa ce, wani ya ce guntun kayan maƙera ne, wani kuma ya ce abin tsibbu ne, a yi nesa da shi. Ƙarshen muhawarar yakan zama buhun ɗan gwangwan, wanda zai ɗora shi a sikeli ya biya kuɗin nauyinsa. Alhali wannan ƙarfe shi ne magurji, abin da mata suke raba auduga da ƙwayarta da shi, kuma da shi ake fara aikin kowace riga da kowane zane da aka saƙa a ƙasar Hausa kafin zuwan inji. Hanyar da ake bi a gane shi darasi ce ga duk wanda ya tsinci tsohon kayan aiki bai san kansa ba. Dalilin da ya sa aka daina gane shi kuwa wani babi ne na tarihin Katsina.

Abin da jikin ƙarfen yake faɗa

Matakin farko wajen gane baƙon kayan aiki shi ne a duba abin da ba zai iya yi ba. Ƙarfen da ba shi da kaifi ba ya yanka. Wanda ba shi da tsini ba ya huda, don haka ba basilla ba ne. Dagi yana da faffaɗan baki na haƙa, wannan ba shi da shi. Sakata tana da lanƙwasa ko maƙali da ake kama ta, wannan kuwa sumul yake daga baki zuwa baki.

Wanda ya fi kusa da shi a kama shi ne masabar maƙeri, domin masabar gargajiya ita ma dunƙulen ƙarfe ce da ake riƙe ta kai tsaye ba tare da ƙota ba. A nan ne mataki na biyu yake shigowa, wato duba inda aiki ya ci jikin kayan. Masaba ta fi nauyi nesa, kuma jikinta cike yake da tabon duka. Magurji ba shi da tabo ko ɗaya. Idan aka goge tsatsar da ta hau shi, za a tarar tsakiyarsa ta yi santsi ta kowane gefe daidai wa daida, bakunansa kuma sun yi irin sulɓin da tafin hannu yake bari bayan shekaru. Abin da ya goge daidai ta ko'ina, mirgina shi ake yi. Abin da aka tsuke bakunansa biyu iri ɗaya, hannu biyu ne suke aiki da shi a lokaci guda.

Saura tambaya ɗaya: me ake mirgina shi a kai, kuma me ya sa aka yi shi siriri haka? Ɗan dutsen niƙa kauri ake nema a gare shi don ya murƙushe hatsi. Mai son murƙushewa ba zai zaɓi abu mai kaurin yatsa ba. Sirantar magurji da gangan ce, an yi ta ne don kada ya murƙushe abin da ke gabansa. Mai gurza takan shimfiɗa 'yan ƙullin auduga a kan shafaffen dutse, ta ɗora ƙarfen a gefensu, ta danna da tafukan hannu tana turawa gaba. Ƙarfen yana danne gashin audugar a jikin dutsen, ƙwayar kuwa ta fi ƙarfin ta shige ƙarƙashinsa, sai ta yi ta gudu a gabansa har ta suɓule ta fita. Da ƙarfen ya yi kauri, da sai ya hau kan ƙwayar ya fasa ta, man da ke cikinta ya ɓata farin audugar. Maƙerin da ya ƙera shi ya san ma'aunin angurya kamar yadda ya san na ƙarfe.

Da abokin daka ake shan gari

Mataki na uku shi ne tambayar inda aka sami abin, da kayan da aka same shi tare da su. Kayan aiki da yawa rabi ne, sai an haɗa su da ɗaya rabin suke yin magana. Turmi ba taɓarya kujera ce kawai. Magurji ma haka yake, rabinsa ƙarfe, rabinsa shafaffen dutse ko katako mai tauri. Idan gida ya watse, ƙarfen yakan bi ɗan gwangwan, dutsen ya koma matokarin ƙofa ko wurin wasa wuƙa, kowannensu ya rasa ma'anarsa.

Wannan matsala ba ta tsaya ga magada a Katsina ba. Angela Lakwete, wadda ta wallafa littafi kan tarihin na'urar gurzar auduga a 2003, ta nuna cewa farkon tarihin wannan fasaha a duniya yana da duhu, domin masu haƙar kayan tarihi suna iya tsintar ƙarfen ko dutsen su ɗauke su a matsayin wasu kayan daban. Tsohuwar shaidar da aka fi kafa hujja da ita zane ne a kogunan Ajanta na ƙasar Indiya, na wajen ƙarni na 5, wanda ya nuna sanda guda ana mirgina ta a kan shafaffen abu. Daga baya Indiyawa suka ƙirƙiro mai sanduna biyu da ake juyawa da hannu, amma mai sanda ɗaya ta ci gaba da aiki a Asiya da Afirka har cikin ƙarni na 20.

A ɗakin tsohuwar Bakatsiniya, abokan zaman magurji sanannu ne. Akwai bakan shiɓa, ɗan ƙaramin baka da ake kaɗa tsirkiyarsa cikin gurzajjiyar auduga har ta tashi ta yi laushi. Akwai mazari, siririn tsinke da aka zura wa gululu na yumɓu don ya ba shi nauyin juyawa. Akwai alli, wanda ake samu daga ƙonannen ƙashi, mai kaɗi tana shafa shi a yatsu don zare ya bi hannu. Akwai taskira ta ajiye auduga. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kusa da baƙon ƙarfe, an riga an ba shi amsa.

Suna linzami

Mataki na huɗu shi ne suna. Hausa tana da tsari mai sauƙi na raɗa wa kayan aiki suna: a sa "ma" a gaba, a ƙare da "i", a saka aikin a tsakiya. Buɗe ya ba da mabuɗi, girbi ya ba da magirbi, tsefe ya ba da matsefi. Gurza ta ba da magurji, "z" ta koma "j" kamar yadda take komawa a "gurje". Sunan yakan rufe ƙarfen da dutsensa gaba ɗaya, kamar harshen ma ya san cewa abu guda ne mai rabi biyu.

Sai dai suna ma yana ƙaura. A madafar zamani, idan aka ce gurza, hankali yana tafiya ga kuɓewa ko rogo ko kwakwa, da gwangwanin da aka huhhuda ake goga su a kai. Matashiyar da aka ce wa kakarta tana da magurji za ta nemi wani abu mai ƙaiƙayi, ba za ta kalli sumul ɗin ƙarfe ba. Akwai kuma bambancin karin harshe: abin da Bakano yake kira auduga, Bakatsine da Basakkwace da Bamaraɗe sun fi saninsa da kaɗa. Mai neman bayani wurin tsofaffi, in bai zo da kalmarsu ba, yana iya komawa hannu rabbana.

A irin wannan wuri ne tsofaffin ƙamusoshi suke da rana. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 an tattara su ne a lokacin da kaɗi da saƙa suke raye a kowane gari, kuma sukan nuna kalmar da ta keɓanta da Katsina ko Sakkwato. Ƙamus yana ajiye suna da taƙaitaccen bayani. Yadda ake zama, da yawan audugar da ake ɗorawa, da ƙarfin dannawar da ba za ta fasa ƙwaya ba, waɗannan a hannun mai aikin suke, kuma shi ne mataki na biyar: a miƙa kayan ga wadda ta taɓa aiki da shi, a zuba ido a ga yadda hannunta zai karɓe shi.

Daga gona zuwa marina

Da zarar an san sunan ƙarfen, sai doguwar sarƙa ta bayyana a bayansa. Ana shuka auduga da damina, a tsince ta da kaka zuwa farkon hunturu. Abin da aka tsinto daga gona, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ƙwaya ce, kashi ɗaya ne gashin da ake so. Mace ta gurje, ta shiɓe, ta kaɗa. Zaren iri-iri ne: abawa mai kauri, da arafiya siririya wadda ta fi tsada saboda ta fi cin lokaci da gwaninta. Daga nan zare ya tafi wurin masaƙi, wanda yake zaune da ƙoshiyarsa yana fitar da siraran ƙyallaye masu tsawo. Maɗinki ya harhaɗa su, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buge da shuni har tufa ta ɗauki ƙyalli.

Rabin farko na wannan sarƙa a cikin gida yake, a hannun mata. Rabin ƙarshe, in ban da saƙar mata mai faɗi da ake yi a tsaye, a fili yake, a hannun maza. Masaƙi ɗaya yana cinye zaren mata da dama, domin ƙoshiya ta fi mazari sauri. Ke nan mafi yawan sa'o'in aikin da ke cikin babbar riga an kashe su ne a bayan zaure, inda baƙo ba ya shiga. Matan aure suna yi don kansu, kuɗin zare nasu ne, da shi ake tara kayan ɗakin 'ya'ya mata da yin biki. A gidajen sarauta da na attajirai da rinjoji kuwa, bayi mata ne suke yin kaso mai yawa na gurza da kaɗi, ribar ta tafi ga iyayengijinsu. Magurji ya ga 'yanci, ya ga bauta.

Labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ya nuna kaɗi a matsayin aikin yau da kullum na mace tun tana yarinya. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna cewa cinikin da matan kulle suke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara kasuwa ce sukutum wadda ido ba ya gani. Zare yana cikin tsofaffin hajojin irin wannan ɓoyayyiyar kasuwa.

Katsina da tufafi

Auduga ta daɗe a Afirka ta Yamma. Al-Bakri, wanda ya rubuta littafinsa a Andalus a 1068, ya ambaci itacen auduga a gidajen mutanen yankin kogin Sanagal, da tufafin da ake ciniki da su a matsayin kuɗi. A kogunan Bandiagara na ƙasar Mali an sami saƙaƙƙun tufafin auduga na ƙarni na 11 da na 12. A farkon ƙarni na 16, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya ambaci noman auduga a ƙasar Kano da yawan masaƙa a Gobir.

A Katsina, shaidar tana cikin sunayen mutane ma. Babban malamin birnin na ƙarni na 17, Muhammadu ibn al-Sabbag, an fi saninsa da Wali Ɗan Marina, kuma sunan Larabcin ma'anarsa ɗan mai rini. Garin da malaminsa yake ɗauke da sunan marina, gari ne da rini yake da gindin zama a cikinsa. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina tana cikin manyan matattarar ayarin Sahara, fatake daga Agadas da Gat da Gadamas da Tuwat suna sauka a cikinta.

Bayan da masu jihadi suka karɓi birnin a 1807, Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wasiƙar nasiha kan mulki, wadda aka sani da Usulus Siyasa. Cikin abubuwan da ya ɗora wa sarki har da kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da sauransu, da zaunar da su a garuruwa da ƙauyuka. Sai dai yaƙe-yaƙe tsakanin sabuwar masarautar da zuriyar tsofaffin sarakuna, waɗanda suka kafa Maraɗi, sun dagula hanyoyin arewa, ciniki ya karkata zuwa Kano. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Katsina a farkon 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske da mutanen da ya ƙiyasta ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba.

A Kano kuwa Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa duk shekara sun kai darajar wuri miliyan 300, kuma Tambutu kaɗai tana karɓar aƙalla kayan raƙuma 300. Ya yaba wa masaƙa da marina, ya lura cewa sana'ar a cikin iyali ake yin ta, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba. Kowane zare da ke cikin waɗannan kaya sai da aka raba shi da angurya da hannu. Matafiyi ya ga karofi da kasuwa domin a fili suke. Dutsen gurza yana cikin gida, shi ya sa rabonsa a littattafan matafiya ya ƙaranta.

Injin da ya biyo jirgin ƙasa

A wani gefen duniya, wannan aiki na raba gashi da ƙwaya ya riga ya sauya tarihi. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurza a Amurka, mai haƙoran da suke fizgo gashin auduga ta cikin siraran ramukan da ƙwaya ba ta iya bi. Gurza ta yi sauƙi, noman auduga ya bazu a kudancin ƙasar, bauta ta bazu tare da shi: bayi wajen dubu 700 a 1790 suka kusa kai miliyan 4 a 1860. Masaƙun Lankasha a Ingila suka dogara da wannan auduga, har yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke musu ita, ma'aikata suka shiga yunwa.

Tsoron maimaituwar haka na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, BCGA, a Mancesta a 1902. Idonta yana kan Arewacin Nijeriya, ƙasar da kowa ya san tana noma auduga tun kaka da kakanni. Fatan samun wannan auduga na cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa layin dogo, wanda ya isa Kano a 1911. A daidai wannan lokaci BCGA ta kafa injin gurza a Zariya.

Lissafin bai fita yadda aka tsara ba. Kamfanin yana tayin kwabo ɗaya na kuɗin Ingila a kan kowace laba ta audugar da ba a gurje ba, masu sayen gida kuwa suna biyan fiye da haka, domin masaƙa da marina suna jiran zare. Manoman ƙasar Kano, da suka auna, sai suka ga gyaɗa ta fi riba wajen sayar wa Turawa, kuma daga 1912 gyaɗa ce ta cika tashar jirgi. Audugar da aka noma, mafi yawanta ta ci gaba da shiga gidaje. Shekaru da dama ɗan ƙarfe mai kaurin yatsa yana ƙwace wa injin Bature auduga a kasuwa.

Mai gurza shi ke da iri

Abin da farashi ya kasa, iri ya yi shi. Wajen 1912 aka shigo da wani irin audugar Amurka mai suna Allen, mai dogon gashi irin wanda injinan Lankasha suke so. Aka riƙa raba shi ga manoma ta hannun hukumar gargajiya, hakimai da dagatai. Aka keɓe kasuwannin auduga na hukuma inda ake aunawa a tantance daraja, aka kuma riƙa hana cakuɗa sabon irin da na gida a yankunan da aka ware masa. A shekarun 1920 aka kafa gonar renon iri a Daudawa, aka ci gaba da bincike a Samaru. Layin dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Kudancin lardin Katsina, Funtuwa da Malumfashi da Bakori da kewayensu, ya zama zuciyar audugar Nijeriya, da injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Har yau a Funtuwa akwai unguwar da ake kira da sunan BCGA. Birnin Katsina kuwa jirgin bai bi ta kansa ba.

A nan ne muhimmancin magurji ya wuce na kayan ɗaki. Gurza tana fitar da abu biyu, gashi da ƙwaya. Muddin a gida ake gurza, angurya tana zama a gida: a ware ta shuka, a ba dabbobi saura. Manomi da matarsa su ne masu irin baɗi, su suke zaɓar abin da za su shuka. Da gurza ta koma gidan inji, sai ƙwaya ta koma can, manomi ya zama mai jiran a kawo masa iri, na nau'in da aka zaɓa masa, a lokacin da aka ga dama. Daga 1949 hukumar cinikin auduga ce take yanka farashi, har aka rushe hukumomin ciniki a 1986.

Sauran sarƙar ta bi baya a hankali. Zaren inji da yadin kanti suka yi araha. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta, har Funtuwa ta sami tata a ƙarshen shekarun 1970. Mata suka ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da abincin sayarwa da ɗinkin hula sun fi kaɗi kawo kuɗi a yini ɗaya, suka ajiye mazari. Babu wanda ya hana su, lissafi suka yi, irin wanda mazajensu suka yi a 1912. Daga baya manyan masaƙun ma suka durƙushe a farkon shekarun 2000, yadin waje ya cika kasuwa. Cikin ƙarni guda Katsina ta ga mutuwar gurzar hannu, ta kuma ga raunin injin da ya gaje ta.

Abin da ake adanawa da abin da ake aunawa

Ƙasar Katsina ta san darajar kayan tarihi. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, H. R. Palmer ya haƙa kaburburan tsofaffin sarakuna a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An sake haƙa a 1992, daga baya aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus, inda masana suka yi shekaru suna tsabtacewa da nazari: tasoshin tagulla, da awarwaron hauren giwa, da zinariya, da wuri. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, shi ne gidan adana kayan tarihi na birnin a yau. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, takobin Gajere yana fada.

Waɗannan kayan sarauta ne da na addini, suna da masu tsaronsu. Kayan aikin talaka ba su da mai tsaro, kuma ƙarfe ya fi kowa rashin sa'a, domin ba ya zama banza: da can maƙeri yakan narka tsohon ƙarfe ya fitar da sabuwar fartanya, yau kuma ana loda shi a mota zuwa masana'antar narka ƙarfe. Gululu na yumɓu yakan shekara ɗaruruwa a cikin ƙasa, shi ya sa masu haƙa suke samun shaidar kaɗi fiye da ta gurza. Idan ƙarfen ya ɓace, kuma waɗanda suka san shi suka ƙare, tarihin tufafin Hausa zai fara ne daga masaƙi, a tsallake watannin aikin da mata suka yi kafin zare ya iso hannunsa.

Matan da suka koyi gurza da kaɗi suna 'yan mata a shekarun 1950 da 1960, yau suna tsakanin shekara 70 da 90. Suna nan a cikin birni da ƙauyukan Batagarawa da Rimi da Mani da Kaita, kuma kusan kowane gida yana da wayar da ke ɗaukar hoto mai motsi. Iyalin da suka tsinci baƙon kayan aiki suna da abin yi wanda bai fi na yini ɗaya ba: kada a raba shi da kayan da aka same shi tare da su, a rubuta ɗakin da aka same shi da sunan mai shi da garin da aka auro ta, a kai shi ga tsohuwar da ta fi kowa shekaru a dangi tare da dunƙulen audugar da ba a gurje ba, a ɗauki aikin hannunta da kalmomin da take faɗa a karin harshenta. Sassan tarihi da na Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da gidan tarihin Katsina su ne wuraren da ya dace irin wannan ajiya ta taru. Matakan nan biyar, siffa da gurbin gogewa da abokan zama da suna da hannun gwani, suna aiki a kan kayan dukanci da na jima da na gini da na wanzanci kamar yadda suka yi a kan magurji. Huɗu na farko za su jira ko zuwa yaushe. Na biyar yana da wa'adi.